Aikin Jaridar Motoci da Buga Mujalla: Jagora Daga Rubutun Farko Zuwa Kujerar Edita

A watan Oktoba na shekarar 1997, ma'aikatan wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld suka ɗauki sabuwar ƙaramar motar Mercedes-Benz samfurin A-Class, suka yi mata gwajin da suka saba yi wa kowace mota, wato a taho da gudu, a murɗa sitiyari farat ɗaya kamar mai kauce wa dabbar da ta faɗo kan titi, sannan a dawo hannu. Motar ta kife. Ba a daɗe ba kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya yi wa ƙafafunta gyara, ya kuma sanya mata na'urar da ke hana mota ƙwacewa, wadda a wancan lokacin sai a manyan motoci masu tsada ake samunta. Duk wanda ke son shiga wannan sana'a ya kamata ya riƙe wannan labari, domin ya nuna ainihin abin da ake biyan ɗan jaridar motoci ya yi: ya tsaya a madadin mai saye, wanda ba shi da filin gwaji, ba shi da na'urar awo, kuma wataƙila sau ɗaya zai sayi mota cikin shekara goma, ya gwada masa, ya faɗa masa gaskiyar abin da ya gani. Tuƙa motoci masu tsada ɗan ƙaramin yanki ne na aikin, kuma sabon shiga yakan daɗe bai kai gare shi ba.

Mataki na farko: rubutu kafin sitiyari

Editocin mujallun motoci ba sa rasa masu son mota, kullum wasiƙunsu a cike suke da su. Abin da suke rasawa shi ne mai son mota wanda ya iya rubutu, yake cika alkawarin lokaci, kuma ba ya aiko da lambar da bai tabbatar ba. Saboda haka abin da za ka fara koya shi ne aikin jarida shi kansa: yadda ake rubuta labari a sa mafi muhimmancin bayani a sakin layi na farko, yadda ake yin hira a bar wanda ake tattaunawa da shi ya yi magana, yadda ake tabbatar da zance daga majiya fiye da ɗaya, da kuma dokokin ɓata suna da na haƙƙin mallaka na ƙasar da kake aiki. Digiri a fannin jarida yana taimakawa, haka ma digiri a injiniyanci, amma babu ɗayansu da ya zama sharaɗi, kuma da yawa daga cikin fitattun marubutan wannan fanni ta wata ƙofar suka shigo.

Hanyar koyo da ta fi araha ita ce karatu da idon ma'aikaci. Ka ɗauki rahoton gwaji guda daga mujallar da ta daɗe a fagen, kamar Autocar ta Ingila wadda ta fara fitowa a 1895 kuma ta fara buga gwajin mota a 1928 da Austin Seven, ko Auto Motor und Sport ta Jamus da aka kafa a 1946, ko Quattroruote ta Italiya da ta soma a 1956, ka warware shi sakin layi bayan sakin layi. Ka lura da inda marubucin ya ajiye hukuncinsa, da kalmomi nawa ya kashe a kan injin, da inda ya kawo lamba da inda ya dogara ga abin da jikinsa ya ji. Daga nan sai ka rubuta naka a kan motar da kake da ita a hannu, ko da tsohuwa ce, ka rage shi zuwa kalma 500, sannan ka sake rage shi zuwa 200 ba tare da hukuncin ya ɓace ba. Wannan ragewa ita ce rabin aikin mujalla, domin shafi ba ya miƙewa don marubuci ya ji daɗin jimlarsa.

Mataki na biyu: sanin mota da sanin lambobinta

Ba sai ka zama bakanike ba, amma dole ka san abin da ke faruwa tsakanin taka totur da juyawar taya, ta yadda idan injiniya yana yi maka bayani za ka gane inda yake faɗin gaskiya da inda yake karanto maka takardar sashen talla. Ka san bambancin injin fetur da na dizal, da aikin turbo, da irin giyoyin da ake da su, da dalilin da ya sa motar da ke ja da tayoyin gaba take bambanta a kwana da wadda ke ja da na baya. Ka kuma san motocin lantarki da masu haɗa injin da batir, domin yanzu babu mujallar da za ta ɗauki marubucin da bai san bambancin kilowat, wanda yake auna ƙarfi, da kilowat-awa, wanda yake auna yawan wutar da batir ke riƙewa ba. Kwana biyu a gareji kana kallon yadda ake sauke giya sun fi wata guda na karatu amfani.

A wajen ma'auni ne sababbin marubuta suka fi faɗuwa, kuma masu karatu ba sa yafe wannan kuskure. Ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin injin, kashi biyu ne: wanda Ingila da Amurka suka saba da shi kusan wat 746 ne, na nahiyar Turai kuma kusan wat 735, shi ya sa injin mai kilowat 100 za ka ga an rubuta masa doki 134 a wata mujalla, a wata kuma 136, alhali injin ɗaya ne. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546, don haka wanda ya kwafo shan mai daga mujallar Amurka ya liƙa a ta Ingila ya yi ƙarya ba da niyya ba. Haka nan wajen auna lokacin tashin mota, mil 60 a awa da wasu mujallu ke amfani da shi bai kai kilomita 100 da wasu ke amfani da shi ba, kusan 96.6 ne, kuma wasu mujallun Amurka ba sa fara ƙirga lokacin tashin mota sai ta gusa tazarar ƙafa ɗaya ta awo daga inda take, abin da ke rage wa sakamakon ɗan yanki na daƙiƙa. Wanda ya jera waɗannan lambobi a teburi ɗaya ba tare da ya daidaita su ba ya ba wata mota nasarar da ba ta ci ba.

Sai kuma lambobin da kamfani ke bayarwa da kansa. A Turai an daɗe ana auna shan mai da hayaƙi da wani tsari na ɗakin gwaji mai suna NEDC, wanda sakamakonsa ya yi nisa da abin da direbobi ke gani a kan titi, har aka fara maye gurbinsa da sabon tsari mai suna WLTP a watan Satumba na 2017. A 2015 kuma ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, kuma waɗanda suka fara gano ɓarakar masu bincike ne na Jami'ar West Virginia da suka ɗaura na'urar awo a jikin motoci suka hau titi da su. Abin kunya ne ga sana'ar cewa ba mujallar mota ce ta bankaɗo wannan ba, duk da shekarun da aka yi ana yabon waɗannan injuna. Ƙa'idar da za ka ɗauka daga nan mai sauƙi ce: idan lambar ta kamfani ce, ka rubuta cewa ta kamfani ce, idan kai ka auna, ka faɗi yadda ka auna.

Mataki na uku: tara abin nunawa da neman ƙofa

Ba wanda zai ba ka aiki saboda ka ce ka iya, sai ya ga rubutu. Ka tara guda shida zuwa goma waɗanda ba ka jin kunyarsu, iri dabam-dabam: gajeren labari, gwajin mota, hira da wanda ya san aikinsa, da bayani ga mai son sayen mota ta hannu. Ka koyi ɗaukar hoto mai tsabta da yin gajeren bidiyo, domin ƙananan gidajen jarida suna son mutum ɗaya da zai dawo da duka ukun.

Ƙofar shiga yawanci ƙarama ce: zaman koyon aiki na 'yan makonni, ko kujerar mai rubuta labaran yau da kullum, ko ta mai tace rubutu, ko ta mai kula da teburin farashi da bayanan motoci da ke bayan mujalla. Kada ka raina ko ɗaya, musamman tace rubutu, domin wanda ya shekara yana gyara kurakuran manyan marubuta ya san mujallar ciki da waje fiye da su. Idan kuma da zaman kanka za ka fara, to ka koyi rubuta wa edita tayin labari. Tayi mai kyau ba ya wuce sakin layi uku: mene ne labarin, me ya sa ya dace da masu karatun wannan mujalla a wannan lokaci, da kuma abin da kake da shi wanda ma'aikatansa ba su da shi, ko mutum ne da ya yarda ya yi magana da kai, ko mota ce da ba a cika samu ba. Kada ka ce za ka gwada sabuwar motar da kowa ke jira, wannan an riga an ba na gida. Kafin ka fara rubutu ku daidaita a rubuce kan yawan kalmomi, da ranar miƙawa, da kuɗin, da kuma ko mujallar ta sayi haƙƙin bugu ɗaya ne ko ta mallake rubutun gaba ɗaya. Ƙungiyoyin sana'a, irin su Guild of Motoring Writers ta Birtaniya da aka kafa a 1944, suna taimaka wa sababbi wajen sanin mutane, kuma ƙasashe da dama suna da irinta.

Mataki na huɗu: gwajin mota, inda sunanka zai tsaya ko ya faɗi

Gwaji yana farawa tun kafin a kunna injin. Idan an kawo maka mota, ka zagaya ta ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane, ka rubuta kilomitar da ke kan allo, ka duba iskar taya da irin tayar da aka sa, ka kuma nemi takardar da ke nuna ainihin samfurin da kayan ƙarin da ke ciki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin motocin da kamfanoni ke warewa don aron 'yan jarida galibi an cika su da kayan ƙari, har farashinsu ya yi wa na ƙaramin samfurin da yawancin mutane za su saya nisa sosai. Idan ka yabi laushin motar alhali shokozoban da ke jikinta na musamman ne da ake biya dabam, ba ka kuma faɗa ba, ka yaudari mai karatu. Ka tabbatar da sharuɗɗan inshora, da wanda aka yarda ya tuƙa, da ko an amince a kai ta filin tsere.

Abu na biyu shi ne hanya. Ka zaɓi zagaye guda da za ka riƙa bi da kowace mota, wanda ya haɗa da cunkoson cikin gari, da babbar hanya, da titi mai gargada, da kwana-kwana, da hawa. Amfanin hanya ɗaya shi ne jikinka zai haddace kowane rami, ta yadda bambancin da ka ji daga motar yake, ba daga titin ba. Gwajin iyakar gudu da na birki mai tsanani kuwa ba a yin su a kan titin jama'a ko kaɗan, sai a rufaffen fili, kuma da na'urar awo mai aiki da tauraron ɗan'adam, domin allon gudun mota yakan nuna fiye da gaskiya, dokar Turai ma ta hana shi nuna ƙasa da ainihin gudun. Ana yin kowane awo a zuwa da dawowa a ɗauki matsakaici, don a kawar da tasirin iska da gangara, a kuma rubuta yanayin zafi da ko titin a jiƙe yake. A gwajin birki ka tuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa kusan sau huɗu take ninkawa, kuma tsayawa ta biyar a jere ta fi ta farko bayyana gaskiyar birki, domin a nan zafi ke nuna kansa.

Shan mai kowa zai iya auna shi ba tare da na'ura ba. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi tafiyarka, sannan ka koma famfon da ka sha ka sake cikawa. Idan ka yi kilomita 600 kuma tankin ya karɓi lita 45, to motar ta sha lita 7.5 a kowace kilomita 100. Ka kwatanta wannan da abin da kwamfutar motar ta nuna da abin da kamfani ya yi iƙirari, ka buga duka ukun. A motar lantarki kuma ana duba kilowat-awa nawa ta ci a kilomita 100, da mintunan da ta ɗauka daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin 100 na caji, tun da bayan nan cajin yakan ragu sosai don kare batir.

Sai abubuwan da marubuta masu ɗokin gudu ke mantawa, alhali su ne mai saye zai rayu da su kullum. Ka daidaita kujerar direba yadda ta yi maka, ka koma baya ka zauna, ka ga ko gwiwarka ta samu wuri. Ka ɗaura kujerar yaro, ka saka kaya na gaske a but, ka yi ribas a wuri mai matsi, ka yi tuƙin dare don ka ga fitilu, ka gwada rage sanyin na'urar sanyaya mota kana cikin tafiya ka ga sau nawa sai ka ɗauke ido daga titi. Batun kariya a haɗari ba abin da za ka iya gwadawa ba ne, don haka ka dogara ga hukumomin da ke fasa motoci da gangan, kamar Euro NCAP da ta fara fitar da sakamako a 1997, tare da faɗin shekarar da aka yi gwajin, domin tauraro biyar na shekarun baya ba daidai yake da na yau ba. Ka riƙa rubuta abin da ka lura da shi nan take duk inda ka tsaya, saboda bayan mota uku ƙwaƙwalwa takan cakuɗa su.

A wajen rubutawa, hukunci shi ne kayan da kake sayarwa. Mai karatu yana son ya san wa motar ta dace da shi, wa ba ta dace da shi ba, kuma wace ce ta fi ta a kuɗi ɗaya. Shi ya sa a ganina gwajin kwatance, inda ake haɗa mota uku ko huɗu a rana ɗaya a hanya ɗaya ana musayar direbobi, ya fi kowane irin rubutu a wannan fanni daraja, sai kuma gwajin dogon zango inda mota ke zama a hannun mujalla watanni ana rubuta duk abin da ya lalace da abin da aka kashe. Ka guji kalmomin da ba sa ɗauke da komai. Cewa mota tana da daɗin tuƙi bai gaya wa kowa komai ba, amma cewa sitiyarinta ya yi sauƙi a cikin gari sannan ya ƙi yin nauyi a babbar hanya, har direba ya riƙa gyara hannu a kai a kai, bayani ne da mutum zai iya zuwa ya tabbatar.

Mataki na biyar: zama da kamfanoni ba tare da zama nasu ba

Wannan fanni yana da wata matsala da aka gina shi a kanta: motar da kake gwadawa aro ce daga wanda ya ƙera ta, tafiyar ƙaddamar da sabuwar mota galibi shi ke biyan jirgi da masauki, kuma shi ne babban mai sayen shafin talla a mujallarka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji masu magana, kuma ba kasafai ake neman askin da baki ba, sai dai marubuci ya wayi gari yana tausasa kalmominsa don kada a daina gayyatarsa. Consumer Reports ta Amurka, wadda aka kafa a 1936, ta kauce wa wannan ta hanyar ƙin karɓar talla da sayen motocin gwajinta da kuɗinta kamar kowane mai saye, amma mujallu kaɗan ne ke da ƙarfin yin haka. Abin da ya rage ga saura shi ne ƙa'idoji bayyanannu: a faɗa wa mai karatu wanda ya ɗauki nauyin tafiya, a ƙi kyauta mai tsada, kada a nuna wa kamfani rubutu kafin bugu, kuma marubucin da ke yi wa wani kamfani aikin talla a gefe kada ya gwada motocinsa.

Ka kuma san cewa hanyar da ake bi a taron ƙaddamarwa kamfani ne ya zaɓe ta don ta fito da kyawun motar, kuma sa'o'i kaɗan za ka yi da ita, saboda haka abin da ka rubuta daga can ɗanɗano ne, ka kira shi da sunansa, ka ajiye cikakken hukunci sai motar ta zo hannunka. Akwai kuma takunkumin lokaci, inda ake ba ka bayani da hotuna bisa sharaɗin ba za ka buga ba sai rana da sa'a kaza. Idan ka amince, ka cika, ka kuma duba da agogon wace ƙasa aka ƙayyade sa'ar. Jami'an hulɗa da 'yan jarida ba abokan gaba ba ne: idan ka samu matsala a mota ka sanar da su, ka ba su damar amsawa, ka buga amsar tare da abin da ka gani. Wanda ya soki mota da hujja yawanci ana ci gaba da ba shi mota, wanda ya yi kuskuren lamba ne ake daina ɗaukar wayarsa.

Mataki na shida: yadda ake haɗa mujalla

Idan ka hau zuwa mataimakin edita ko edita, tuƙi zai ragu, lissafi ya ƙaru. Kowace fitowa tana farawa da taswirar shafuka, wato zane mai nuna kowane shafi da abin da zai hau kansa, da inda talla za ta zauna. Yawan shafuka dole ya rabu da 4, domin takarda ɗaya da aka naɗe shafi huɗu take bayarwa, manyan injunan bugu kuma sukan buga 16 ko 32 a lokaci guda, don haka talla ɗaya da ta shigo a makare tana iya tilasta a yanke labari ko a ƙara shafuka da yawa. Ana ƙirga ranaku ne daga baya: ranar da mujalla za ta isa kasuwa, kafin ita ranar rarrabawa, kafin ita ranar miƙa wa maɗaba'a, kafin ita ranar rufe rubutu da hotuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa edita mai hankali yake ajiye labari ɗaya ko biyu waɗanda ba sa tsufa, saboda ranar da motar da aka shirya wa bango ta ƙi zuwa.

Rubutu yana bi ta hannun edita, da mai tace rubutu wanda ke tabbatar da kowace lamba da kowane suna, da mai tsara shafi, sannan a karanta gwajin bugu kafin a sa hannu. Hotunan bugu suna buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, a kuma mayar da launinsu zuwa tawada huɗu da maɗaba'a ke aiki da su, a bar kusan milimita 3 a gefe saboda yanka. Ranar ɗaukar hoto takan cinye yini guda a kan mota ɗaya, ana wanke ta, ana kai da komo a kwana ɗaya sau goma har mai hoto ya gamsu. Bango kuwa shi ke sayar da mujalla a kan kanta, kuma motar da ma'aikata suka fi so ba lallai ita ce ke jawo mai saye ba, abin da alƙaluman sayarwa ke koya wa kowane sabon edita cikin 'yan watanni.

Mataki na bakwai: kuɗin da ke riƙe da ita, da kafa taka

Mujalla tana samun kuɗi daga sayarwa a kanti, da masu biyan kuɗin shekara, da talla, da taruka da bikin ba da kyaututtuka, da sayar wa mawallafan wasu ƙasashe lasisin amfani da sunanta, kamar yadda Auto Bild ta Jamus, wadda ta fara a 1986, ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Sayarwar kanti ita ce mafi haɗari, domin mai rarrabawa da mai kanti suna ɗaukar kaso mai yawa na farashin bango, kuma kwafin da bai sayu ba asararsa a wuyan mawallafi take. Mai biyan kuɗin shekara ya fi daraja nesa ba kusa ba, tun da ya biya tun kafin a buga. Dole kuma a faɗi cewa takarda ta ja baya: mujallar Autoweek ta Amurka ta daina fitowa a takarda a 2019, takwararta Automobile ta bi ta a 2020, har ma baje kolin motoci na birnin Janiba a ƙasar Suwizalan, wanda 'yan jarida suka shekara da shekaru suna cika shafuka da shi, ya tsaya bayan na 2024. Labarin sabuwar mota yanzu a intanet da bidiyo ake fara ganinsa, abin da ya rage wa takarda shi ne dogon labari, da hoto mai kyau, da gwajin da aka yi a natse.

Wanda zai kafa tasa ya fara da tambayar wa zai karanta, kuma amsar kada ta zama duk mai son mota. Mujallar da ta tsaya kan abu ɗaya, kamar tsofaffin motoci, ko manyan motocin dakon kaya, ko motocin hannu, ko na lantarki, ta fi saurin samun masu karatu masu aminci da masu talla da suka san wa suke nema. Ka fara tara masu karatu ta wasiƙar imel ko bidiyo kafin ka kashe kuɗi a maɗaba'a, ka yi rajistar kamfani da suna bisa dokar ƙasarka, ka nemi lambar ISSN mai alƙaluma 8 da ake ba mujallu, ka karɓi farashi daga maɗaba'a uku aƙalla a kan takarda da yawan kwafi iri ɗaya. Fitowa sau huɗu a shekara ta fi wa ƙaramar tawaga sauƙi a kan kowane wata. Ka raba mai neman talla da mai yanke hukuncin gwaji ko da ku biyu ne kacal, kuma duk tallan da aka yi wa shigar labari a rubuta masa talla a sama ɓaro-ɓaro.

Fitowa ta farko ba ita ce ma'auni ba, domin ɗoki da 'yan uwa da abokai sukan saye ta. Masu talla da masu rarrabawa sukan biya ne bayan wata ɗaya zuwa uku, alhali maɗaba'a tana son kuɗinta da wuri, musamman daga sabon abokin ciniki, don haka kafin ka buga ta ɗaya ka tabbatar kana da abin da zai buga ta biyu da ta uku ko da sisi bai shigo ba. Ka kuma ware wani gurbi na dindindin a shafukan farko don gyaran kurakuran fitowar da ta gabata, da sunan motar, da lambar da aka buga, da wadda ta dace, tun kafin masu karatu su fara aiko da wasiƙu.